Yadda ake daidaita tacrolimus idan za a haɗa shi da maganin fangas bayan dashen ɓargo

Wanda aka yi wa dashen ɓargo, kamar masu sikila da ke zuwa Indiya ko Legas, yakan sha tacrolimus ko ciclosporin don kada sabon ɓargon ya far wa jikinsa, ciwon da ake kira GVHD. Garkuwarsa ta yi ƙasa, don haka akan ƙara masa maganin fangas. Matsalar ita ce, sinadarin CYP3A4 na hanta da hanji shi ke narkar da tacrolimus, su kuwa magungunan fangas voriconazole da posaconazole toshe sinadarin suke yi, sai tacrolimus ya taru a jini.

A rage tacrolimus tun ranar da aka fara maganin fangas ɗin, kada a jira sakamakon gwaji. Da voriconazole ko posaconazole, a mayar da tacrolimus kashi ɗaya cikin uku. Ciclosporin kuwa a raba shi biyu idan voriconazole ne, a bar kashi uku cikin huɗu idan posaconazole ne. Sirolimus, wani maganin rage garkuwa, kamfanonin da ke yin magungunan fangas ɗin sun hana haɗa shi da su. Inda dole ta sa, likitoci kan rage sirolimus da kusan kashi 90 cikin 100. Tasirin fluconazole, wani maganin fangas, bai kai na voriconazole da posaconazole ba, amma yana ƙaruwa da yawan abin da aka sha.

Sai gwaji. A ɗebi jini da safe kafin shan magani, awa 12 bayan na dare, sau biyu ko uku a makon farko. Yawancin cibiyoyi suna neman yawan tacrolimus a jini ya tsaya tsakanin 5 zuwa 15 ng/mL. Kada a ɗiba ta bututun da aka taɓa ɗura tacrolimus, domin yana manne wa roba, lamba ta fito sama ta ƙarya. A duba ƙoda, potassium da magnesium tare. Rawar hannu, ciwon kai, hawan jini ko jijjiga alamun tacrolimus ya yi yawa ne. Gudawa ma tana ɗaga shi.

Inda aka fi sakaci shi ne ranar daina maganin fangas. Hanta takan farfaɗo cikin kwanaki, tacrolimus ya faɗi, GVHD ta samu ƙofa. A ci gaba da gwaji har mako biyu, ana ƙarawa a hankali. Haka idan aka fara rifampicin na tarin fuka, zubar da tacrolimus yake yi sosai.

Idan lambobin sun ƙi zama, maganin fangas micafungin ba ya taɓa tacrolimus sosai, amma ta jijiya ake ba da shi. Majinyaci kada ya canza ko ƙwaya ɗaya sai da izinin likitan dashensa.