Darasi na 9: Idan tankin tsohuwar mota ya fara yoyo

To jama'a, darasin yau na masu tsohuwar mota ne da direbobi, har ma da wanda ba shi da mota amma ana ajiye ta wani kusa da inda yake kwana. Mota in ta kwana biyu akwai ranar da za ka fito da safe warin fetur ya buge ka tun kafin ka buɗe ƙofa, ka leƙa ƙarƙashi ka ga ƙasa ta jiƙe wajen tayar baya. Yawancinmu abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne asarar mai. Asarar tana nan kam, mu ma ɗan yi lissafi tunda a aji muke: motar da ke zubar da rabin lita a rana, a kwana 30 lita nawa ta zubar? Rubuta amsar a littafinka. Lita 15 ce, ba tare da ka je ko'ina ba. Amma wallahi wannan ita ce ƙaramar matsalar.

Abin tsoron shi ne tururin

Ba ruwan fetur ɗin da kake gani a ƙasa ne ke fara kama wuta ba, tururin da yake fitarwa ne, wato wannan warin da kake ji. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, kaga kenan babu wani yanayi da za ka ce yau garin da sanyi ba komai. Kuma tururin ya ninka iska nauyi sau 3 zuwa 4, ba ya tashi sama ya baje, kwanciya yake yi yana bin ƙasa, ya gangara kwata, ya taru a rami, ya shige ta ƙarƙashin ƙofa. Shi ya sa wuta za ta iya tashi daga murhu ko janareta ko guntun taba da ke can nesa, ta biyo tururin ta dawo gindin motar. Ba ma sai ya yi yawa ba, in ya kai wajen kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Dizal da ɗan dama-dama, shi sai zafinsa ya haura digiri 50 yake fitar da irin wannan tururin, amma fa shi ma in ya ɗiga kan salansa mai zafi yana kamawa.

Saboda haka da ka ji wari ka ga jiƙo, kar ka tada motar wai don ka ji ko lafiya. In a rufaffen wuri take a buɗe ƙofofi a tura ta waje da hannu. A kori yara, a kashe duk wata wuta ta kusa, mai shan taba ya yi haƙuri ya matsa. Ka cire kan batir, na nagetif za ka fara cirewa, mai alamar ragi (-), yawanci baƙar waya ce. Man da ya zuba a rufe shi da yashi a kwashe, kar a kora shi da ruwa, fetur bai kai ruwa nauyi ba, sama zai hau ruwan ya ɗauke shi ya kai inda ba ka so. Haka in wuta ta kama, Allah ya kiyaye, ruwa watsa ta zai yi, yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda ko kumfa su ne abin yi, in ta riga ta yi ƙarfi kuwa ka bar motar ka tsira da ranka.

Nemo inda yake fita tukuna

Nan ne nake so mu ɗan daɗe, don sau da yawa tankin ake ɗora wa laifi alhali ba shi ba ne. Fetur yana bin jikin ƙarfe ya yi tafiya kafin ya ɗiga, inda ka ga ɗigon ba lallai nan ne ɓular take ba. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ka bar shi ya kwana, zai nuna maka gefen da za ka fara dubawa. Sannan ka goge wajen da tsumma ya bushe ƙayau, ka barbaɗa hoda ko garin alli, ka jira. Inda hodar ta fara yin duhu, ka bi ta can sama har ka kai inda jiƙon ya faro. Da tocila za ka haska, dan Allah ba ashana ko laita ba, kar ka ce wa zai yi haka, ana yi.

Lokacin da motar ke yoyon ma yana ba da labari. In sai ka cika tanki take zuba, daga ya sauka ta daina, to matsalar a sama take: ko tiyon da ya haɗa bakin shan mai da tankin ya tsufa ya tsattsage, ko ƙaramin tiyon numfashi, ko robar da ke zagaye da murfin geji a saman tankin ta mutu. A motoci da yawa in ka ɗaga kujerar baya ko shimfiɗar but za ka ga wani ɗan murfi, ƙarƙashinsa gejin yake, a wasu har da famfon mai. In kuma sai inji na aiki take zuba, da ka kashe ta lafa, duba layin man da ke tafiya gaba, da filta, da kilif ɗin da ke ɗaure tiyo. Mota mai injekta tana tura mai da ƙarfin da ya kai kusan bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), mai kafireta ko rabin bar ɗaya ba ta cika kaiwa ba, shi ya sa ƴar tsaga a layin injekta feshi take yi, kuma ba kowane tiyo ake sa mata ba sai wanda aka yi don wannan matsin. In ko dare da rana tana ɗiga, a kunne da a kashe, da mai da yawa da kaɗan, yauwa, yanzu ka iya zargin gindin tankin ko ɗinkin da ya haɗa sama da ƙasa.

Tsofaffin motoci tankinsu na ƙarfe ne, da yawa an shafe su da haɗin dalma da kuza don tsatsa, na roba sai wajen shekarun 1980 zuwa 1990 suka yawaita. Tsatsa kuwa ta fuska biyu take cin na ƙarfen. Ta ciki ruwa ne, tankin da kullum ake yawo da shi kusan wayam iska mai laima ce ke cika shi, da dare raɓa ta kwanta a bangonsa ta gangara gindi ta zauna ƙarƙashin man, shekara da shekaru tana ci. Man da aka gauraya da itanol, wani sinadari dangin barasa, shi ma yana jan laima. Ta waje kuma laka ce da ke taruwa a saman tankin da ƙarƙashin maɗaurin ƙarfen nan da ke riƙe da shi, ta riƙe danshi ba ta bushewa. In aka sauke irin wannan tankin za ka ga wani baƙin caɓi mai warin mai ya manne a wajen maɗaurin, ka kankare da sukundireba fenti ya ɓare da ɓawon tsatsa, sai ga ƴan ɓuloli kamar bakin allura, kana neman ɗaya ka ga biyar, ka danna ƙarfen da yatsa ka ji yana lotsawa. Wannan tankin ya gama aikinsa, duk wanda ya ce maka zai liƙe shi ya zauna kuɗinka kawai zai ci.

Dabarar kan hanya

A ce a hanya dutse ya fasa maka tanki. Tsohuwar dabarar direbobi ita ce sabulun sanda, a goga shi da ƙarfi a kan ɓular har ya cushe, kuma yana yi, don fetur ba ya saurin narkar da sabulu. Ruwa ne ke narkar da shi, kududdufi ɗaya za ka shiga ya tafi. Wanda ya fi shi shi ne gam ɗin nan mai kala biyu da ake murzawa a haɗe har ya zama kala ɗaya, ka duba kwalin ka tabbatar an rubuta yana jure fetur. Sai an rage man ya sauka ƙasa da ɓular, a goge wajen, a kankare da sanfefa da hannu har farin ƙarfe ya fito, a manna a danna sosai a ba shi lokacin da aka rubuta ya sandare. Silikon kar ma ka fara, fetur kumbura shi yake yi, ya ɓalle ya shiga ciki ya toshe filta. Tankin roba kuwa yawancin gam ba ya kama shi ko kaɗan. Duk waɗannan fa na kai ka gareji ne, ni dai ban yarda mutum ya shekara da faci a gindin tanki yana ɗaukar iyali ba.

Wajen zuƙe man, a bar sa baki a tiyo. Fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ɗan kaɗan ya isa ya kwantar da shi. Wanda ya haɗiya kar a sa shi amai, aman ne ke kai shi huhu, a kai shi asibiti kawai. Akwai ɗan famfon hannu na roba da ake matsawa, a zuba a jarkar da aka yi don mai, a rufe a ajiye a inuwa nesa da wajen aiki. Kuma a zuƙe kafin a kwance tankin, lita 50 ta fetur ta kai kilo 37, ga nauyin ƙarfen, ga shi yana tangal-tangal. Kar a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, a sa mata abin tokara mai ƙarfi, in a kan rami ake aikin a tuna cikin ramin tururin yake taruwa.

Maganar walda

Wannan ita ce ta fi cin rayuka, kuma abin da ke yaudarar mutane shi ne ganin tankin babu mai. Tanki wayam ya fi cikakke haɗari, cikakken babu isasshiyar iska a ciki, wayam ɗin kuwa iska ce da tururi a gauraye a rufe, daidai abin da fashewa ke buƙata. Ko ya yi watanni a yashe, man da ya maƙale a ɗinki da cikin tsatsa da ya ji zafi zai sake fitar da tururi. Ɗauraye shi da ruwa sau ɗaya bai isa ba, sa masa hayaƙin salansa da wasu ke yi ma ba abin dogaro ba ne. Masu sanin aikin suna wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau da yawa ko su turara shi, su buɗe duk ƙofofinsa, su cika shi da ruwa har kusa da wajen gyaran ko da iskar da ba ta kama wuta, wasu ma ba sa kawo harshen wuta kusa sai dai su gasa ƙarfen sanya dalma can gefe su zo su liƙe. Kai mai mota aikinka ka tambayi mai walda yadda zai wanke shi. In ya ce haba malam ai ba komai, ɗauki tankinka ka yi gaba. Injin gurza ƙarfe ma tartsatsi yake fitarwa, hukuncinsu ɗaya.

In fashewar wuri ɗaya ce kuma sauran ƙarfen da ƙwari, gyara zai yi. In tsatsa ce ta ci shi, canji kawai. Na hannu za ka saya? Haska tocila ta ramin geji ka ga gindinsa, girgiza shi ka ji ko ɓawon tsatsa na ƙara, duba ƙarƙashin inda maɗauri ya kwanta. A toshe ƙofofinsa a ɗan hura iska da famfon hannu, a shafa ruwan sabulu a ɗinkin a ga ko zai yi kumfa, banda kwamfuresa, kumbura tankin za ta yi. Kuma ya zama na irin motarka ne ya zauna a mazauninsa. Inda tanki ke zama ba abin wasa ba ne, a 1978 kamfanin Ford a Amurka sai da ya kira motoci wajen miliyan 1.5 ƙirar Pinto aka yi musu gyara, saboda tankin na bayan gatarin tayar baya kuma in an daki motar ta baya yana iya fashewa mai ya zube. To in kamfani guda ya sha wannan, ina ga wanda ya ɗaure jarka a but ya ja tiyo ya ce ya huta da sayen tanki.

Ranar ɗaurawa a sa sababbin tiyo da kilif da robar geji, tunda an riga an sauke, a canza filtar mai don dattin tsohon tankin na ciki, a mayar da ƴan robobin da ke tsakanin maɗauri da tanki. A fara zuba lita kaɗan a duba, a tada inji a duba, sai a cika a sake shimfiɗa kwali ya kwana. Daga nan ka riƙa barin mai sama da kwata, in za a wanke mota a sa ruwa ya kori lakar saman tankin, murfin da robarsa ta tsage a canza shi.

Aikin gida: ka duba motar da ka fi shiga, a kashe kuma a sanyaye, ka rubuta jimla 3 a littafinka. Tankinta na ƙarfe ne ko roba? Ta wane gefe salansa ta bi, kusa da tankin ko nesa? Akwai tukunyar kashe gobara a ciki, kuma wace shekara aka rubuta a jikinta? Ka zo da amsar aji na gaba mu karanta tare.