Yadda Ake Cin Abinci a Le Train Bleu na Birnin Paris

Le Train Bleu gidan cin abinci ne da ke cikin tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon, a saman bene, daidai inda jirage ke tsayawa. An gina shi albarkacin babban baje kolin duniya na 1900, aka buɗe shi a 1901 da sunan Buffet de la Gare de Lyon. Sai a 1963 ya samu sunan da ake kiransa da shi yanzu, a 1972 kuma Faransa ta sa shi cikin gine-ginen tarihi. Zane 41 ne suka ƙawata bango da rufi, na wuraren da layin dogon ke kaiwa, irin su Marseille da Nice da Monaco. Maganar gaskiya, rabin kuɗinka na kallo ne.

Kama tebur tun kafin ka taso, ta shafinsu na intanet, da aƙalla mako biyu idan daren Juma'a ko Asabar kake so. Rana ta fi: haske na shigowa ta manyan tagogi, zanen ya fito sosai. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 1 ko 14 zai sauke ka a tashar. Nemi zaure na 1, za ka ga matakala mai rassa biyu tana hawa zuwa ƙofar. Tashar tana da rikitarwa ga baƙo, don haka ƙara minti 15 a lissafinka. Babbar riga ko kaftani mai guga sun wadatar. Gajeren wando da silifas ne ba su dace ba.

Da ka shiga, fara da "bonjour" kafin komai. A Faransa rashin gaisuwa raini ne, kamar dai a gida.

Wurin da baƙi suka fi tuntuɓe shi ne takardar abinci. Abin da Faransawa ke kira "menu" jerin abinci ne mai farashi guda: na buɗe baki, babban abinci, sai kayan zaƙi. "La carte" kuwa kowane kwano da kuɗinsa, kuma nan ne lissafi ke tsere wa mutum. Ware Yuro 80 zuwa 100 ga kowane mutum don kada ka ji kunya. Ruwa ma akwai tarko: idan aka tambaye ka wane iri ka ce kowanne, na kwalba za a kawo, a caje ka. Ce "une carafe d'eau", a kawo na famfo a tulun gilashi, kyauta.

Abincin da gidan ya yi suna da shi gasasshiyar cinyar ɗan rago ce. Ana turo ta a kan keke har gaban teburinka, a yanka kana kallo, a haɗa da dankalin turawa da aka gasa da madara. Sai dai Musulmi kada ya ɗauka yankan halal ne. Ya tambaya, idan bai gamsu ba ya koma kan kifi. Ko a kifin, tambayi ko an sa "vin" a miyar, wato giyar inabi, domin girkin Faransa na yawan amfani da ita. "Porc", "jambon" da "lardons" duk alade ne. Cikin kayan zaƙi, "baba au rhum" da "crêpes Suzette" da barasa ake yin su. "Tartare" kuma ɗanyen nama ne da aka daddatsa, ba ya ganin wuta ko kaɗan. Mai son nama ya nuna sosai ya ce "bien cuit", in ba haka ba da ja-ja a ciki zai zo.

Ba wanda zai kawo maka takardar kuɗi sai ka nema, ka ce "l'addition, s'il vous plaît". Ladan masu hidima yana cikin farashin. Idan ka ji daɗi, bar Yuro biyar zuwa goma a kan tebur.

Cikakken zama yakan ci awa biyu. Idan jirgi za ka hau bayan nan, faɗa wa ma'aikacin lokacin tashinsa tun kana zama, ko ka haƙura da babban ɗakin ka nufi ɓangaren shan shayi da kofi, wanda ya fi sauri kuma ya fi sauƙin kuɗi.