Yadda ake gane ko an yi maguɗi a ƙuri'ar gasar waƙa ta talabijin

Duk daren da aka sanar da sakamakon gasar waƙa, sai ka ji magoya bayan wanda ya faɗi suna cewa an yi maguɗi. Mafi yawan lokuta ba su da hujja sai zafin zuciya. Amma akwai lokutan da suke da gaskiya, har kotu ta tabbatar, aka ɗaure mutane. Abin da ya raba waɗanda aka saurara da waɗanda aka yi watsi da su shi ne irin shaidar da suka riƙe. Ga yadda ake tattara ta, da yadda ake auna ta.

Fara da ƙa'idojin zaɓe, tun kafin daren ƙarshe

Kowace gasa mai suna tana wallafa sharuɗɗan zaɓe a shafinta na intanet. Ka sauke su ka ajiye, domin ana iya sauya su daga baya. Abubuwa biyar za ka nema a ciki: ƙuri'a nawa aka yarda mutum ɗaya ya kaɗa, ta waɗanne hanyoyi, ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, kaso nawa ne na alƙalai kaso nawa na jama'a, sannan wane kamfani ne ke ƙirgawa, wane ne ke tantancewa. Ka kuma duba ko akwai sakin layin da ya ba masu shirya gasar ikon soke ƙuri'un da suke zargi, ko yanke hukunci da kansu idan na'ura ta samu matsala. Kusan kullum akwai shi.

Wannan karatun kaɗai yana kashe rabin zarge-zargen. A gasannin da ake nunawa a tashoshin Africa Magic, irin su Nigerian Idol, ana zaɓe ta shafin intanet da kuma manhajojin MyDStv da MyGOtv, kuma yawan ƙuri'un da mutum yake da su a manhaja ya danganta da tsadar kunshin tashoshin da yake biya. Ke nan mai babban kunshi shi kaɗai yana iya rinjayar mutane da dama masu ƙaramin kunshi. Kana iya cewa wannan ba adalci ba ne, kuma muna ganin akwai gaskiya a maganar, amma ba maguɗi ba ne, tunda a rubuce yake. Haka a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, ta 2025 da aka yi a birnin Basel na Switzerland, an yarda mutum ya kaɗa ƙuri'a har 20 da kowace hanyar biyan kuɗi. Da 'yar takarar Isra'ila ta zo ta ɗaya a zaɓen jama'a, wasu gidajen talabijin na Turai, ciki har da na Sifaniya, suka nemi a binciki tsarin. Daga baya masu gasar suka rage adadin zuwa 10.

Abin da ba hujja ba ne

Yawan mabiya a Instagram ko TikTok, yawan masu kallon bidiyo a YouTube, ihun 'yan kallo a zauren gasa, da ƙuri'ar jin ra'ayi da wani shafi ya shirya, duk ba sa nuna wanda zai ci. Masu surutu a intanet daban, masu zama su kaɗa ƙuri'a ɗari daban. Da yawa daga mabiyan ma suna ƙasashen da ba a yarda su yi zaɓe ba. Akwai kuma rabuwar ƙuri'a: idan mawaƙa biyu masu salo ɗaya suka kai zagayen ƙarshe, sai su raba masoya, na uku ya wuce ta tsakiyarsu. Sannan gwanin da kowa ke ganin ya riga ya tsira shi ne aka fi mantawa a zaɓa, domin magoya baya kan karkata ga ceton wanda ke bakin faɗuwa.

Rarrabe matsalar da kake zargi

Kalmar maguɗi tana rufe abubuwa huɗu mabambanta, kuma kowanne da irin shaidarsa da wanda za a tuhuma.

Na farko cunkoson layi. A wasan ƙarshe na American Idol a 2003, tazarar Ruben Studdard da Clay Aiken ba ta wuce kusan 130,000 ba cikin ƙuri'u miliyan 24, kuma mutane da yawa sun yi ta kira layi a cushe. Idan layuka biyu suka cika maƙil tun daga buɗewa har rufewa, kowanne zai karɓi kusan adadin kira ɗaya, ko da masu neman ɗayan sun ninka na ɗayan. Don haka sakamakon da ya zo kankankan a zaɓen kiran waya abin dubawa ne: mai yiwuwa ƙarfin layin aka auna.

Na biyu aringizo daga waje, wato wani ya saya ko ya ƙirƙiri ƙuri'u. A gasar The Voice Kids ta Rasha a 2019, 'yar wata shahararriyar mawaƙiya ta yi nasara da tazara mai yawa, jama'a suka yi ca. Tashar Channel One ta ɗauko kamfanin tsaron intanet na Group-IB, wanda ya gano cewa lambobin waya kusan 300 sun aika saƙonni sama da 8,000, ban da kiraye-kirayen da na'ura ta yi. Aka soke sakamakon. Alamomin irin wannan su ne lambobi masu bin juna a jere, daga yanki ɗaya, suna aikawa cikin tazarar daƙiƙoƙi iri ɗaya. Mai kallo ba zai iya ganinsu ba, sai wanda ke riƙe da rajistar saƙonnin. Abin da za ka nema shi ne a ba wani kamfani na waje wannan rajista.

Na uku haɗin bakin alƙalai. Na huɗu, wanda ya fi muni, masu shirya gasar su rubuta sakamakon da hannunsu. Waɗannan biyun su ne mai kallo zai iya kamawa da lissafi, idan an wallafa alƙaluma.

Lissafin da ya tona asirin Produce X 101

Ya kamata duk mai son koyon wannan aiki ya san abin da ya faru a Koriya ta Kudu a daren 19 ga Yuli, 2019. Tashar Mnet ta nuna ƙuri'un 'yan takara 20 na zagayen ƙarshe na gasar waƙarta mai suna Produce X 101. Na ɗaya ya samu 1,334,011, na biyu 1,304,033. Tazara: 29,978. Na uku 1,079,200, na huɗu 1,049,222. Tazara: 29,978 kuma. Wannan lamba ta maimaitu sau biyar a jerin. Da masu kallo suka zurfafa, sai suka ga kowane adadi ninki ne na 7,494.442. Ka raba na ɗaya da ita, ka samu 178 cif. Ka raba na biyu, ka samu 174.

Tashar ta ce ai an mayar da ƙuri'un zuwa kaso cikin ɗari, an taƙaita shi zuwa lamba biyu bayan ɗigo, sannan aka sake mayar da shi adadi, kuma jerin bai sauya ba. Wannan uzurin yana iya zama gaskiya a wata gasar, shi ya sa dole ka gwada shi kafin ka buɗe baki. A nan bai tsaya ba. Da taƙaitawa ce kawai, da lambar ƙarshe ta kowane kaso za ta iya zama komai daga 0 zuwa 9. Amma 7,494.442 daidai take da kashi 0.05 cikin ɗari na jimillar ƙuri'un, wato kason kowa ya ƙare da 0 ko 5. A ce mutum 20 duk sun faɗa haka bisa katari, damar ɗaya ce cikin tiriliyoyi.

Ga yadda za ka yi irin wannan gwajin. Ka ɗauki hoton allon talabijin, ka kwafe alƙaluman cikin Excel ko Google Sheets, daga babba zuwa ƙarami. A layi na biyu ka fitar da tazarar kowane mutum da mai bi masa. A ƙuri'un da suka kai dubban ɗaruruwa, tazara ɗaya ta maimaitu ko sau biyu abin mamaki ne. Sai ka ɗauki tazara mafi ƙanƙanta ka raba sauran da ita. Idan amsoshin suna fitowa cif ko dab da cif, an gina adadin ne daga kaso, ba daga ƙirga ba. A layi na uku ka raba ƙuri'un kowa da jimilla, ka ninka da 100, ka bar lambobi huɗu bayan ɗigo, ka dubi yadda suke ƙarewa. A ƙarshe ka tara duka ka gwada da jimillar da mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne gwaji da alƙaluma kaɗan. 'Yan takara uku ba sa isa a ce an ga tsari. Wani kuskuren shi ne haɗa ƙuri'un da aka ninka da waɗanda ba a ninka ba, domin wasu gasannin suna ba saƙon tes na daren ƙarshe nauyi fiye da ƙuri'ar intanet. Ka koma ga sharuɗɗan ka cire ninkin tukuna.

Ƙarshen lamarin Koriya: masu kallo sama da 200 suka shigar da ƙara, 'yan sanda suka binciki ofisoshin kamfanin da ya mallaki tashar, furodusa Ahn Joon-young ya amsa laifi. A watan Mayun 2020 kotu ta yanke masa shekara biyu, shugabansa Kim Yong-bum shekara ɗaya da wata takwas. An gano cewa an taɓa sakamako a dukan zango huɗu na jerin shirin Produce, wanda wannan ne na huɗunsu. Ƙungiyar X1 da aka kafa daga gasar ta watse a Janairun 2020, kuma wannan abin tausayi ne, domin samarin da ke cikinta su ma sun yi asarar aikinsu.

Idan alƙalai ake zargi

A nan tebur ake zanawa: alƙalai a gefe, 'yan takara a sama, maki a tsakiya. Abin nema shi ne rukunin da ke ba juna manyan maki alhali sauran alƙalai ba su ga abin yabo ba. Haka aka kama a zagayen kusa da ƙarshe na biyu na Eurovision a Turin, 2022. Alƙalan ƙasashe shida, Azarbaijan, Jojiya, Montenegro, Poland, Romaniya da San Marino, sun jera junansu a saman takardunsu, yayin da alƙalan sauran ƙasashe 15 suka bar biyar daga cikinsu a ƙasa da matsayi na takwas. Ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai, mai shirya gasar, ta soke makinsu ta maye gurbinsa da wani lissafi, ko da yake wasu daga cikin ƙasashen sun musanta zargin. Ka lura da ma'aunin: an kwatanta su ne da sauran alƙalai, ba da ra'ayin 'yan kallo ba. Maƙwabta masu jin harshen juna su zaɓi juna ba sabon abu ba ne. Abin zargi shi ne tsari mai rufe kansa ta kowane ɓangare a dare ɗaya.

Ajiye shaidar ƙuri'arka

Idan ka yi zaɓe ta saƙon tes, kada ka goge saƙon da ka aika, da amsar da aka maido maka, da lokacin kowanne. Ka duba kuɗin wayarka kafin da bayan. Idan ta manhaja ce, ka ɗauki hoton fuskar wayar da agogo a jiki. Idan an cire maka kuɗi ba a maido da tabbaci ba, ko an ci gaba da cire kuɗi bayan an rufe zaɓe, wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da mai kallo zai riƙe, domin ta mayar da kai abokin ciniki da aka cuta. A lamarin Koriya, kuɗin saƙo a lokacin won 100 kacal ne na kuɗin ƙasar, amma shi ya ba da damar tuhumar zamba. A Birtaniya ma, hukumar Ofcom mai sa ido kan gidajen watsa labarai ta ci tarar tashar ITV fam miliyan 5.675 a 2008 saboda yadda aka yi wasa da gasanni da zaɓen masu kira da kuɗinsu, kuma bayan haka aka wajabta wa tashoshi tantancewar wani kamfani na waje.

Kai ƙorafi

Ku haɗu ku rubuta takarda ɗaya, gajeriya, da sunayenku da kwafin shaidu. Ku faɗi abin da kuka gani da lambobi, ku ambaci sakin layin sharuɗɗan da aka saɓa, sannan ku nemi abubuwa takamaimai: cikakken adadin ƙuri'u na kowace hanya daban, yawan lambobin da suka yi zaɓe ba yawan ƙuri'u kaɗai ba, adadin ƙuri'un da aka soke da dalili, da rahoton kamfanin da ya tantance. Ku tambayi abin da aka ɗora wa wannan kamfani: akwai bambanci tsakanin wanda ya zauna a kan rajistar saƙonni da wanda aka miƙa wa jimilla ya sa hannu. Gasar The X Factor ta Birtaniya, lokacin da ake yin ta, ta riƙa wallafa kason kowane mako bayan an kammala, don haka neman alƙaluma ba wuce gona da iri ba ne.

Tashar ce za ku fara aika wa, ku ba ta wa'adi, kamar mako biyu. In ba amsa, a Najeriya ƙorafin cire kuɗin waya yana zuwa ga kamfanin layin sannan hukumar sadarwa ta NCC, na abin da aka watsa ga hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC, na cutar mai saye ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Kada ku ambaci sunan wani mutum a matsayin mai laifi a fili kafin bincike, domin ana iya maka ku a kotu da ɓata suna, ƙarar ta juye kanku. Ku kuma bar wanda ya ci gasar da iyalinsa. Ko a shari'ar Koriya furodusoshi da wasu ma'aikatan kamfanonin mawaƙa aka hukunta, ba 'yan takara ba. Idan tashar ta ce rajistar tana ɗauke da lambobin mutane don haka ba za ta fitar ba, ku amsa cewa a ɓoye lambobi huɗu na ƙarshe, ko a miƙa wa mai tantancewa da ɓangarorin biyu suka amince da shi, kuma ku nemi a rubuto muku alkawarin cewa ba za a goge rajistar ba har a gama.