Yadda Ake Bambance Ƙoƙi-ƙoƙi da Damisar Ƙwari

Manomin da ke son sanin ƙwarin da ke taya shi tsaron gona ya kamata ya iya gane mafarauta biyu, wato ƙoƙi-ƙoƙi da kowa ya sani, da wata 'yar ƙwaro mai ƙyalli daga dangin buzuzu, wadda masana ke kira Cicindela, mu kuma za mu kira ta damisar ƙwari.

Da farko a zaɓi wuri da lokaci. Damisar ƙwari tana son fili mai rairayi da rana, saboda haka a je bakin ruwa irin na madatsar Ajiwa ko ta Daberam a jihar Katsina da hantsi a cikin damina. Shi kuwa ƙoƙi-ƙoƙi, a neme shi cikin ganyen wake ko a jikin karan gero.

Daga nan sai a tsuguna a lura da farautarsu, domin nan bambancin ya fi fitowa. Damisar ƙwari bin abincinta take yi da gudu, ta sheƙa, ta tsaya cak, ta sake sheƙawa, kuma dalilin tsayawar shi ne saurin nata yana fin ƙarfin idonta, har sai ta dakata kafin ta sake hango tururuwar da take bi. Akwai irinta a Ostireliya da ke gudun kusan kilomita 9 a sa'a. Ƙoƙi-ƙoƙi bai san wannan wahala ba: yana maƙale shiru da hannuwansa masu ƙaya a naɗe, yana juya kai yana bin fara da kallo, sai ta matso ya cafke ta cikin ƙiftawar ido. A ganina haƙurinsa ya fi gudun ban mamaki, ko da yake ba ya zaɓe, har ƙudan zuma yakan ci.

Sai kuma a duba 'ya'yansu. Idan aka ga ƙananan ramuka zagayayyu a rairayi mai danshi, wataƙila tsutsar damisar ƙwari ce ta toshe bakin ramin da kai tana dakon abin da zai gifta. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ya yin tsutsa. Macen tana zuba ƙwai cikin kumfa da ke bushewa ya yi tauri a jikin reshe, 'ya'yan su fito da siffar iyayensu, sai dai babu fukafukai.

Wanda ya tarar da wannan busasshen kumfa lokacin sharar gona, kada ya haɗa shi da karan da zai ƙona, ya yanke reshen ya maƙala shi a jikin shinge.