Yadda Ake Kula da Filin Ƙwallo, Lambu da Harabar Makarantar Kwana Mai Zaman Kanta

A makarantar jeka-ka-dawo fili yana samun hutu da zarar an tashi. A makarantar kwana kuwa yara suna kansa safe da yamma, har Asabar da Lahadi, wata tara a shekara. Shi ya sa mai kula da harabar irin wannan makaranta a Kano, Zariya, Katsina ko Bauci yake aiki da kalanda biyu a lokaci guda: ta karatu da ta damina. Sa'ar da aka yi ita ce dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, yana faɗowa ne a tsakiyar ruwa. Duk babban gyaran da ba a yi a wannan tsakanin ba, sai dai a jira baɗi, ko a yi shi da ruwan saye.

Fara da lissafin ruwa

Kafin a sayi iri ko injin yanka ciyawa, a zauna da takarda. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 64 murabba'in mita 6,400 ne. Ciyawa tana son kamar milimita 25 a mako da rani in ana so ta zauna kore, wato lita 160,000, tanki 16 na lita 10,000 kowane mako. A watan Maris da Afrilu, da zafi ke kai maki 40, buƙatar ta fi haka. Rijiyar burtsatsen da ke ɗauke da ɗakunan kwana, kicin, banɗakuna da masallaci ba kasafai take iya ƙara wannan nauyi ba, kuma ranar da famfo ya ƙafe a ɗakin kwana saboda ana ba fili ruwa, iyaye ba za su saurari bayani ba.

Saboda haka a yanke shawara tun farko. In akwai rijiya ta biyu da aka ware wa fili, a ba shi ruwa duka. In babu, a bar ciyawar ta yi barcin rani, a riƙa ba gaban raga biyu da da'irar tsakiya kawai, domin nan ƙafa ta fi ci. A ba da ruwa mai yawa sau biyu a mako, da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, kwana uku da ɗauke wuta sai ciyawar ta ƙone. Don sanin abin da na'urar fesa ruwa ke zubarwa, a jera gwangwanayen madara guda shida a wurare daban-daban, a kunna ta minti 30, a auna zurfin ruwan da rula.

Gyaran filin ƙwallo

Ciyawar da ta dace da ƙasarmu ita ce ƙiri-ƙiri. Tana yaɗo a sama da ƙarƙashin ƙasa, tana jure taku, ta bushe da rani ta farfaɗo da ruwan farko. Manomi yana ganinta a matsayin annoba, amma wannan taurin kan nata shi ake nema a fili. Rauninta ɗaya: ba ta son inuwa, don haka gefen da darbejiya ta rufe kullum zai zama fako.

Aikin yana farawa ne a watan Mayu, kafin ruwa ya sauka. A bi fili da manjagara a kwashe tsakuwa, kwalba, ƙusa da guntun bulo. A duba gangara: ya kamata tsakiyar fili ta ɗan fi gefe tudu, santimita ɗaya a kowace mita, ta yadda fili mai faɗin mita 64 tsakiyarsa za ta fi kowane gefe da kamar santimita 30. Ba sai an ɗauko safiyo ba. Doguwar tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa, da turaku da igiya, sun isa a gano tudu da kwari, kamar yadda magina ke yi. Bayan ruwan sama na farko mai ƙarfi a zagaya a kafa tsinke duk inda ruwa ya kwanta fiye da awa biyu. Waɗannan wuraren a cike su da yashi gauraye da ƙasar noma. Kada a cike da jar ƙasar da ake zuba wa hanya, domin in ta bushe tana zama kamar siminti, saiwa ba ta ratsa ta, gwiwar yaro kuma ita ke biya.

Da yara sun tafi hutu, a rufe fili gaba ɗaya, har ga ma'aikata da samarin unguwa masu roƙon a ba su aro. A gaban raga, inda ƙasa ta daddanne, a soka cokalin haƙa mai yatsu zurfin santimita 10 zuwa 15, a ɗan girgiza, a matsa taku ɗaya a sake. Sannan a barbaɗa yashi kashi uku, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, kaurin da bai wuce santimita ɗaya ba, a share shi cikin ramukan. Takin ya zama wanda ya shekara. Ɗanyen kashin shanu yana zuwa da irin ciyayi iri-iri, yana kuma kiran gara.

Inda ya zama fako, a dasa. A yanko jijiyoyin ƙiri-ƙiri daga bakin fili ko bakin fadama, kowanne da gaɓa uku ko huɗu, a binne rabinsa a layi, tazarar santimita 15 zuwa 20, a taka da ƙafa. In ruwa na sauka daidai, cikin mako takwas zuwa goma sha biyu za ta rufe ƙasa. Wannan lissafin ne yake nuna cewa dashen da aka yi a farkon Agusta ba zai gama kamawa ba sai Oktoba, don haka a makonnin farko na sabon zango a kewaye wuraren da igiya, a mayar da atisaye gefe. Malamin wasanni zai yi ƙorafi, amma fili ɗaya da aka buɗe da wuri yakan koma fako kafin Disamba. Dabarar da ke rage wannan rigima ita ce a tanadi ƙananan raga masu ɗaukuwa, a riƙa buga atisaye a faɗin fili, a bar manyan raga sai ranar wasa.

Taki na zamani: buhu uku na NPK 15-15-15 mai kilo 50 ga fili mai girman da aka ambata, a watsa da zarar damina ta zauna. Bayan mako shida a bi da buhu ɗaya na yuriya. A raba takin gida biyu, a watsa rabi ana tafiya a tsawon fili, rabi a faɗinsa, in ba haka ba sai fili ya fito da zane-zane, nan kore shar, can rawaya. Yuriya a kan jiƙaƙƙen ganye da rana tsaka tana ƙona ciyawa. A watsa ta ganye a bushe, hadari na haɗuwa, ko a bi ta da ruwa nan take.

Wajen yanka, a tsayar da injin a santimita 3 zuwa 4, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya. Da damina wannan yana nufin sau ɗaya ko biyu a mako. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar ciyawa ta kai ƙauri lokacin hutu, sannan a aske ta ƙwal ana gobe dawowa. Abin da zai rage kara ne fari, ƙasa ta buɗe, ƙarangiya da tsidau su samu wuri. Su waɗannan biyun a tumɓuke su da hannu kafin su yi 'ya'ya, a watan Agusta, domin da ƙaya ta zuba an sayi wahalar shekara mai zuwa. Aya-aya kuwa tsigar ganyenta ɓata lokaci ne, sai an haƙo ƙwayar da ke ƙasa.

Zana layi da kafa raga

Dokar ƙwallon ƙafa ta yarda da tsawon mita 90 zuwa 120 da faɗin mita 45 zuwa 90. In fili sabo ne, a miƙar da shi kudu da arewa, don kada rana ta shiga idon mai tsaron gida da yamma. Don kusurwa ta fito daidai, a auna mita 3 a layi ɗaya, mita 4 a ɗayan, tsakanin alamomin biyu ya ba da mita 5 cif. In an gama kusurwa huɗu a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. A fili mai 100 da 64 kowanne zai ba da mita 118.7. Da'irar tsakiya mita 9.15 daga ɗigon tsakiya, babban gida mita 16.5 daga kowane turken raga, ƙaramin gida mita 5.5, ɗigon fenariti mita 11, raga kuma faɗin mita 7.32, tsayi mita 2.44. Kaurin layi kada ya wuce santimita 12. A binne guntun bututun roba daidai da ƙasa a kowace kusurwa, ba sai an sake awo kowace shekara ba.

A zana da farin fentin ruwa da aka tsinka. Farar ƙasa mai zafi tana ƙona fata da ido in yaro ya faɗi a kanta, baƙin mai na inji kuma yana kashe ƙasar wurin ya bar kwari. Turakun raga a binne su da kankare, saman kankaren ya kasance ƙarƙashin ƙasa. Masu ɗaukuwa a ɗaure su da turke ko buhunan yashi, domin yara suna lilo a jikinsu. A duba gindin ƙarfe kowane zango, daidai inda ya shiga ƙasa, nan tsatsa ke fara ci.

Itatuwa da lambu

Itace ana dasa shi a watan Yuli, a rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a cakuɗa ƙasar sama da taki a mayar. Darbejiya, mangwaro da maɗaci su yi nesa da gini da ramin masai da aƙalla mita 8. Ceɗiya da durumi sun fi haka buƙatar tazara, saiwarsu tana ɗaga daɓe ta fasa bututu. A yi wa kowane dashe keji saboda awaki, a yi masa gurbi, a ba shi lita 20 sau biyu a mako a ranin farko da na biyu. Ruwan alwala na masallacin makaranta ruwa ne mai kyau da ke tafiya a banza sau biyar a rana. Ƙaramar kwata zuwa layin itatuwa ta isa ta raya su. Ruwan wanki mai sabulu ya tafi wajen manyan itatuwa, kada ya shiga lambun ganye.

Kada a yi shinge da bini-da-zugu a inda yara ke zama. 'Ya'yansa suna kama da gyaɗa, ƙananan ɗalibai suna ci, ya sa su amai da gudawa mai tsanani. Lalle ko zogale sun fi. Sassabe manyan rassa a yi shi lokacin hutun da ke zuwa kafin damina, a fara da waɗanda suka rataya a kan rufi, wayar wuta da inda ake zama cin abinci, kafin iskar farkon damina ta yi aikin da kanta.

Lambun kicin ya fi riba da sanyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu latas, kabeji, karas, albasa da tumatir suna yi sosai a fangali mai faɗin mita 1.2, wanda hannu ke kai tsakiyarsa ba tare da an taka ba. Da damina a ɗaga kunya, a koma alayyahu, kuɓewa, yakuwa da rama. Ganyen da ake sharewa kullum a daina ƙona shi. A haƙa rami biyu zurfin mita ɗaya a bayan kicin, a riƙa jera busasshen ganye, ɓawon kayan miya, kashin kaji da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya duk mako uku. Cikin wata uku ya zama takin da fili ke buƙata. Ragowar tuwo da nama kada su shiga ramin, ɓeraye suke kira, maciji kuma yana bin ɓera.

Abin da ya shafi lafiyar yara

A bar tazarar mita biyu fes a kewayen kowane ɗakin kwana, babu ciyawa, babu tarin bulo ko itacen girki. Kububuwa da kunama a irin waɗannan wuraren suke fakewa, yaro kuma yakan fita banɗaki da dare da silifa. A yashe kwatoci a watan Mayu, a sake dubawa bayan kowane babban ruwa. Sauro yana kammala girma daga ƙwai cikin kwana bakwai zuwa goma, don haka duk ruwan da ya kwana mako a tsohuwar taya ko bakin tanki ya riga ya zama matsala. A ƙarshen Oktoba a nome mita 3 zuwa 5 a bin katanga ciki da waje, saboda wutar daji da masu farautar gafiya ke cinnawa.

Maganin ciyawa da na ƙwari a fesa su lokacin hutu kawai, a ajiye su a ɗaki mai kwaɗo tare da fetur, mabuɗi a hannun mutum ɗaya, kuma kada a taɓa juye su a robar lemo. Suri in ya fito kusa da fili a haƙe shi har gindi. Ɗalibai za su iya shara, dashe da ban ruwa ranar Asabar, amma injin yanka, adda da abin feshi na ma'aikata ne, su ma da takalmin roba da tabarau.

Shi injin, ƙurar hunturu ce ke kashe shi. A kakkaɓe matatar iska bayan kowane aiki, a duba mai kafin a tayar, a wasa wuƙa bayan kamar awa 25 na yanka. Dakusasshiyar wuƙa yayyaga ganye take yi, washegari bakin ciyawar ya yi fari-fari, a ɗauka cuta ce a tafi sayen magani. A ajiye littafi ɗaya a sito da ake rubuta ranar zuba taki, ranar canza mai, yawan fetur da wurin da aka dasa. Da shi mai kula da haraba zai je wa ma'ajin makaranta da kasafin yashi, taki da fenti tun watan Afrilu, kafin farashin taki ya tashi da saukar damina.