Yadda za ka ja iyalinka a mota ta bakin teku daga Cape Town, har ku leƙa gonakin inabi

Tun da muka dawo ake ta tambayata wai yaya muka yi da yara uku a mota har kwana takwas a Afirka ta Kudu, kuma wai me ya kai mu yankin da ake yin giya alhali ba ma sha. Toh bari in zayyano muku yadda ake yi ɗaya bayan ɗaya, wanda zai iya sai ya gwada.

Abu na farko zaɓen lokaci. Ƙasar nan yanayinta a juye yake, lokacin da muke fama da hunturu a Disamba da Janairu su kuma zafi suke yi, kuma lokacin ne hutun makarantunsu, kowa ya kwaso iyalinsa ya yo bakin teku, masauki ya yi tsada hanya ta cika. In za ka ji shawarata ka tafi Fabrairu ko Maris, mutane sun ragu kuma daidai lokacin ake tsinkar inabi. In kuma burin yaranka su ga manyan kifayen nan na whale to sai tsakanin Yuni da Nuwamba, amma ka sani Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama a Cape Town, sanyin da ba irin namu ba, mai jiƙa mutum.

Sai takardu. Biza dai dole ce ga mai fasfo ɗin Najeriya, ka nema da wuri kar ka bari sai saura sati biyu. Katin rigakafin shawara na kowa da kowa har jariri in ya isa yi, takardun haihuwar yara, lasisinka na tuƙi da na ƙasa da ƙasa. Kilishi kuma a haƙura a bar shi gida, ba a shiga da nama haka kawai, in kun isa akwai ɗan'uwansa da suke kira biltong, busasshen nama ne, ku nemi mai tambarin halal.

Yanzu maganar mota, nan ne zan ɗan daɗe. Ka kama hayar tun kana gida ta intanet, ka ce a filin jirgin Cape Town za ka ɗauka, a Gqeberha za ka ajiye (garin da aka sani da Port Elizabeth kafin a canza sunan a 2021). Akwai ƙarin kuɗi na ajiyewa a wani gari amma ya fi ka sake tuƙo kilomita wajen 750 ka dawo. Ka dage a ba ka otomatik. Dalili, a hannun hagu suke tuƙi, sitiyari yana dama, in ka ɗauki mai giyar hannu da hannun hagu za ka dinga saka giya kana kuma lissafin ta ina za ka shiga shataletale, abin ya yi yawa. Mu ma ai da haka muke tuƙi kafin 1972, amma wa ya tuna. Ni ranar farko duk sanda zan kunna sigina sai waifa ta tashi, yara suna ta dariya a baya, maman su kuma aikinta ɗaya, duk kwanar da za mu sha sai ta ce "hagu, Abban su, hagu". Wallahi ka ba wani wannan aikin, yana da amfani. Yaro ƙasa da shekara 3 doka ce sai a kujerar yara, ka haɗa da ita wajen hayar.

Wasu ƙananan abubuwa da ba wanda zai gaya maka: danja su robot suke ce mata, in mutum ya ce ka sha kwana a robot na biyu kar ka tsaya neman mutum-mutumi. Mahaɗar da aka sa alamar tsayawa ta ko'ina, wanda ya fara isowa shi ke fara wucewa, ba wanda ya fi ƙarfin hali ba. Babbar hanya gudu 120 ne, cikin gari 60, kuma kyamara na nan a ɓoye, tarar za ta biyo ka ta katin da ka ba kamfanin haya. Gidan mai ba ka fita, ma'aikaci zai zuba ya goge gilashi ka ba shi ɗan canji, haka ma masu gadin mota masu riga mai ƙyalli a wajen fakin. In babbar mota ta matsa gefe ta ba ka hanya, ka kunna mata fitilar hazad sau biyu, godiyarsu kenan. Sannan daga filin jirgi ka tsaya a kan babbar hanyar N2 har cikin gari, in taswirar waya ta ce ga gajeriyar hanya ta cikin unguwanni kar ka bi, kuma kar a bar jaka ko waya a kan kujera inda ake gani.

Kwana biyu na farko ku yi su a Cape Town ɗin kafin a kama hanya. Dutsen Table ku hau ranar farko da kuka ga sama garau babu iska, kar ku ce gobe, don in iska ta taso rufe motar igiyar da ke kai mutane saman dutsen suke yi. Ku shiga Bo-Kaap, unguwar Musulmi mai gidaje kala-kala, nan masallacin Auwal yake wanda aka kafa a 1794, mafi daɗewa a ƙasar. Abinci kuwa a garin nan ba ka da matsala, halal ko'ina, ku nemi tambarin MJC ko SANHA, ƙungiyoyin da ke tantance halal, a ƙofa. Ku sayi gatsby guda ɗaya, burodi ne dogo kamar hannun babban mutum an cusa masa dankali da nama, mu biyar muka ci ya ishe mu. Nan kuma za ku cika kula da nama da kaza, saboda da zarar an yi nisa wuraren halal sun fara ƙaranci.

Toh sai ratsen gonakin inabi, wanda shi ne mutane suka fi yi min ƙorafi a kai. Stellenbosch kilomita 50 ne kacal daga Cape Town, kuma ba ma ratse ba ne sosai don hanyar R44 da za ta kai ku bakin teku ta cikin garin ta wuce. Ni dai ra'ayina wanda ya tsallake wurin nan don sunan giya ya yi asara, gona ce fa, duwatsu ne da layukan inabi iya ganinka da tsofaffin fararen gidaje irin ginin mutanen Holan. Yadda za ka yi shi ne ka zaɓi gonar da take da abin yi ban da ɗakin ɗanɗana giya, ka duba shafinsu tun da dare. Babylonstoren lambu ne babba na kayan marmari da ganyayyaki, ka biya kuɗin shiga ku yi ta yawo, ga jakuna ga kaji yara ba sa gajiya. Vergenoegd kuma agwagi suke da su ɗaruruwa da ake kora su cikin gonar su cinye dodon koɗi maimakon a fesa magani, in sun fito a jere suna gudu tsaye kamar 'yan makaranta an kaɗa ƙararrawa, autarmu har yau labarin take. Mai son tsofaffin motoci akwai gidan ajiye su a Franschhoek, garin da Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka zauna tun 1688. Daga Stellenbosch ta hanyar Helshoogte za ka bi, rabin awa ne.

Inda za ka yi hattara shi ne ci da sha. Gidajen abincin gonakin nan da yawa suna girki da giya kuma akwai naman alade a kicin ɗin, don haka mu ba mu ci ba, burodi da cuku da 'ya'yan itace muka saya a shagon gona muka haɗa da kazar da muka zo da ita. Wasu gonakin ba sa yarda a shigo da abincin waje, sai ku ci a hanya. In za ka sayi ruwan inabi ka faɗa musu ƙarara wanda babu barasa kake so, ka kuma karanta jikin kwalbar da kanka don kwalaben kamarsu ɗaya. In lokacin tsinka ne ku nemi inabin da suke kira hanepoot a rumfunan bakin hanya, zaƙinsa kamar an zuba zuma.

Kuma dan Allah kar ku bar yankin ba ku gaya wa yara waye ya gina shi ba. Gonakin nan bayi ne suka nome su, waɗanda aka kwaso daga Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, kuma daga cikinsu Musulmin Cape suka fito. Ko bayan an soke bauta a 1834 an daɗe ana biyan leburorin gona wani ɓangare na ladansu da giya, abin da ya bar masifar shaye-shaye a gidaje da yawa har yanzu. Kusa da nan, a wurin da ake kira Macassar, akwai hubbaren Shehu Yusuf, malamin da Turawan Holan suka koro daga ƙasarsa suka kawo nan a 1694, ya rasu a 1699. Mintuna kaɗan ne daga N2, mun tsaya mun yi masa addu'a, kuma gaskiya bayan nan kallon da na yi wa fararen gidajen ya canza.

Af, maganar salla. Alƙibla a can ba gabas ba ce, arewa ce ta ɗan karkata gabas, ni da na saba in kalli inda rana ke fitowa sai da manhaja ta gyara min. A lokacin zafi magariba tana kaiwa wajen ƙarfe 8, yara sun yi laushi kafin isha. A sa buta da darduma a but, matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru.

Daga Stellenbosch ku gangara R44 ta Strand zuwa Gordon's Bay, daga nan hanyar ta manne da dutse, teku na dama dutse na hagu, ana kiran wannan yankin Clarence Drive. Direba ka riƙe idonka a kan titi, akwai wuraren tsayawa da yawa, ka tsaya ka kalla da kyau. A Betty's Bay akwai tsuntsayen fengwin a Stony Point, ba cunkoso kamar na Boulders, wurin fengwin da ke kusa da Cape Town. In kun ga gwaggon biri a bakin hanya a rufe gilashi a kulle ƙofa, sun iya buɗe mota, kuma ba su abinci laifi ne. Ku kwana Hermanus. Lokacin whale daga kan dutsen bakin gari ake hango su ba sai an shiga jirgin ruwa ba, har mai shela suke da shi da ke busa ƙaho in an ga ɗaya.

Washegari Cape Agulhas, ƙarshen nahiyar Afirka daga kudu, inda aka ce tekun Atlantika da na Indiya suka haɗu. Gaskiya ba wani abin kallo sosai, duwatsu ne da iska da allo da kowa ke hoto a gabansa, amma ace ka zo har nan ba ka taka ba ai da ciwo. Daga nan ta Bredasdorp ku koma N2 a Swellendam ku miƙe Mossel Bay. Wannan ranar ita ce mafi tsawo, gonakin alkama ne da tumaki, nan ne ake fara "Abba mun kusa?" tun ba a yi awa ɗaya ba. Dokar da muka bi ita ce kar a wuce awa biyu ba a tsaya ba, kuma kar a yi tuƙin dare ko kaɗan. Shagunan gona na bakin hanya suna da banɗaki mai tsabta da wajen wasan yara.

Daga Mossel Bay ne ainihin abin da suke kira Garden Route ya fara, kusan kilomita 200 zuwa Storms River, garuruwan kusa-kusa suke: George, Wilderness, Knysna, Plettenberg Bay. Kar ku dinga canza masauki kullum, haɗa kayan yara kowace safiya shi ke cinye tafiya. Ku kama gida mai kicin a Knysna ko Wilderness kwana uku, ku dinga fita kuna dawowa, ku gasa namanku a murhun da kusan kowane gida yake da shi a tsakar gida. Rana ɗaya ku haura dutse ta George zuwa Oudtshoorn ku ga gonakin jimina da kogon Cango. Wanka a teku kuma sai inda masu ceto suka kafa tutoci, tsakanin tutocin kawai, ruwan nan yana da igiyar da ke jan mutum ciki ko da ya iya iyo, yaran da iyakarsu kududdufin damina kar a sake musu hannu.

Ranar ƙarshe ku nufi Tsitsikamma, akwai tolget a hanya ku tanadi kuɗi. Za ku haye gadar Bloukrans mai tsayin mita 216 inda mutane ke biyan kuɗi a ɗaure musu ƙafa su yi tsalle, babban ɗanmu ya ce zai yi, uwarsa ta ce sai dai bayan ranta. A bakin kogin Storms akwai gadar igiya da ke lilo a kan ruwa, tafiyar ƙafa ce ta katako mai matakala da yawa, mai ƙaramin yaro ya zo da zanin goyo don keken yara ba zai yi ba. Kuɗin shiga na baƙi ya fi na 'yan ƙasa, ku riƙe fasfo. Daga nan awa biyu da ɗan wani abu ne zuwa Gqeberha. In jirginku na yamma ne washegari, ku yi sammako ku shiga gandun giwaye na Addo, bai kai tafiyar awa ɗaya da rabi ba kuma da motarku za ku zaga. Kafin ka mayar da motar ka cika tanki, ka ɗauki hotonta ta kowane gefe, ka leƙa ƙarƙashin kujeru, mu takalmin auta ƙafa ɗaya can muka baro shi.