Yadda Ake Gane Dangin Rama da Kuɓewa a Dajinmu

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da gero ya fid da kai, ciyawa ta kai ƙugu, shi ne lokacin da dangin rama ke fure a ƙasar Katsina. Wanda ke son ya san su, to a waɗannan watannin zai fita, kuma da hantsi. Furen rama da na kuɓewa kwana ɗaya suke yi, su buɗe da safe, kafin la'asar sun yi yaushi sun naɗe. Na yi aikin malamin gona shekaru masu yawa a ƙauyukan da ke tsakanin Katsina da Daura, kuma abin da nake fara gaya wa duk yaron da ya biyo ni daji shi ne kada ya yarda da ganye shi kaɗai. A wannan dangin, fure da 'ya'ya su ne shaidu.

Ga dalili. Ka tsaya gaban karan rama guda ɗaya ka bi shi da ido daga ƙasa zuwa sama. Ganyen gindi faffaɗa ne, ba tsaga. Na tsakiya ya rabu yatsu uku, biyar, har bakwai. Na can ƙoli kuma siriri ne guda. In aka tsinko maka su dabam-dabam, sai ka rantse tsiro uku ne. Sannan ga zurma da bini-da-zugu, su ma ganyensu mai yatsu ne, alhali ba su haɗa komai da rama ba, kuma 'ya'yansu guba ne.

Masana tsirrai suna kiran wannan babban gida Malvaceae, sunan da wani Bafaranshe mai suna Jussieu ya tabbatar a 1789. Akwai iri fiye da 4,000 a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi da masu ɗumi, daga dazukan Kudancin Amurka zuwa Indiya. Namu na gida kowa ya san su: rama, yakuwa, kuɓewa, auduga. Na daji ne ake wucewa ba a kulawa, kuma su nake so mu duba.

Kayan aikin ba su da yawa: reza sabuwa, ƙaramin gilashin ƙara girman abu irin mai ninki goma, littafin rubutu, tsoffin jaridu, da waya mai ɗaukar hoto.

In ka ga tsiron da kake zargi, fara da hannu. Murje ganye ɗaya tsakanin yatsu da ɗan ruwa, za ka ji yauƙi. Karya reshe ka ja ɓawon, zai biyo ka da tsawo ba tare da ya tsinke ba, wannan zaren ne ake tufka igiyar rama da shi. Ganyayen ba sa fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, ɗaya nan ne ɗaya can, kuma jijiyoyin ganyen daga wuri guda suke tashi a gindinsa su bazu. Sai ka sa gilashi a bayan ganyen. Gashin da ke wurin ba tsaye yake ɗai-ɗai ba, kowane ɗigo yana da rassa da suka watsu ta ko'ina, siffar tauraro. Shi ke sa wasunsu laushi, wasu kuma ƙaiƙayi. Amma duk wannan zato ne kawai. Karkashi ya fi kowa yauƙi, kuma shi ɗan gidan riɗi ne.

Yanzu fure. Fiffikensa biyar ne, kowane a ware, kuma kafin ya buɗe za ka gan su a murɗe, kowane ya hau gefen na kusa da shi. Wannan ya raba shi da duman rafi, wanda furensa a haɗe yake gaba ɗaya. Leƙa tsakiya. Zaruruwan da ke ɗauke da garin fure ba a warwatse suke ba, sun manne sun zama sanda guda, sandar mace kuma ta ratso ta cikinta ta fito a ƙoli ta rabu rassa, kamar maburgi. In ka ga wannan sandar, ka shigo gida. Ba na jin akwai alamar da ta fi ta tabbas a dajinmu. Da rani, bayan an yi gobarar daji, tsiron nan da ake kira rawaya kan fid da manyan furanni ruwan ɗorawa daga ƙasa, mutane su ɗauka dangin auduga ce. Leƙa cikinta, zaruruwan a sake suke, babu sanda.

Da ka tabbatar da gida, sai neman ɗaki. Juya furen ka dubi bayansa. Akwai ƙoƙo mai haƙora biyar da ke riƙe da fiffiken, wanda a jikin yakuwa shi ne ke yin kauri ya yi ja mu jiƙa mu sha zoɓo. A wasu, ƙarƙashin ƙoƙon akwai wata geza ta 'yan siraran ganyaye. Akwai geza ko babu, wannan tambayar ita ke raba dangin biyu.

Masu geza su ne manyan gida. In gezar faffaɗa ce guda uku masu baki tsaga-tsaga, kuma jikin tsiron duk ɗige-ɗige baƙi, auduga ce. A cikin ɗigon nan ne gubar da ke hana a bai wa kaji angurya da yawa take. In ƙoƙon ya tsage ta gefe ɗaya ya faɗi tare da furen, kuɓewa ce ko 'yar uwarta, ɗakin da masana ke kira Abelmoschus. In ƙoƙon ya zauna daram har 'ya'ya su nuna, rassan ƙolin sanda biyar, kwanson kuma ya fashe gida biyar, to Hibiscus ne, ɗakin rama da yakuwa.

A nan nake son a dakata, don a wannan ɗakin aka fi ruɗewa. Uku ne ke kama da juna, dukansu da fure fari-fari ko ruwan ɗorawa mai jan ciki. Yakuwa, Hibiscus sabdariffa, kararta sumul take, sau da yawa ja, ƙoƙonta mai nama. Rama, Hibiscus cannabinus, kararta na da 'yan ƙayoyi ƙanana, ƙoƙonta busasshe ne mai farin gashi lulluɓe, kuma a bayan kowane haƙori akwai ɗan ƙulli guda da tururuwa ke zuwa lasa. Ta ukun ita ce ta daji, Hibiscus asper, wadda ake ce wa yakuwar daji, tana fitowa a saura da gefen fadama ba wanda ya shuka ta. Jikinta kaushi ne ko'ina, bakin ganyenta ya fi yankewa, ƙoƙonta kuma ba shi da farin gashin nan na rama. Wata tsohuwa da na iske tana tsinkarta a bakin dam ɗin Ajiwa ta koya mini hanya mafi sauri. Na ce, "Inna, da me kike bambanta ta da ta gida?" Ta kamo hannuna ta goga mini karan a bayansa. Ta ce, "Ka ji, ɗan nan? Ta gida ba ta cizo haka." Gaskiyarta, kuma littafi ma abin da ya faɗa ke nan.

Akwai kuma ramaniya, Urena lobata, mai son wuri mai laima. Furenta ruwan hoda ne, gezarta biyar, rassan ƙolin sandarta goma. 'Ya'yanta na da ƙugiyoyi masu maƙalewa a wando da jelar akuya. In ba fure, juya ganyen, a gindin babbar jijiya akwai ɗan tsagi mai danshi.

Marasa geza ƙanana ne, amma sun fi yawa a ƙasa. 'Ya'yansu ba fashewa suke yi ba, kewayayyu ne masu ɓantarewa yanki-yanki. In kowane yanki ƙwaya ɗaya ce a ciki, Sida ce, ɗakin miyar tsanya. In yankunan sun yi yawa, kowane da ƙwaya biyu ko uku, ganyen kuma babba mai laushi, Abutilon ne. Sa reza ka tsaga yanki guda ka ƙirga, aikin minti ɗaya ne. Furen miyar tsanya ɗan ƙarami ne, sai rana ta ɗaga yake buɗewa, kuma ba ya daɗewa. Wasu Abutilon kuwa sai yamma.

Cikin Sida akwai wadda ta dame ni, garmani, Sida cordifolia. Duk wanda ya bi burtali ta wajen Mai'aduwa ko Jibiya, ko ya tsallaka ƙasar Maraɗi, ya ga yadda ta cinye makiyaya. Dabbobi ba su cika cinta ɗanya ba, saboda haka inda kiwo ya yi yawa, ciyawa mai amfani ta ƙare, ita ke gaje wurin. Ana yawan rikita ta da hankufa, Waltheria indica, wadda masu maganin gargajiya ke nema. Dukansu ganye mai laushi ne toka-toka, dukansu fure ruwan ɗorawa. Ga yadda za ka raba su. Furen hankufa ƙanana ne ƙwarai, cunkushe a dunƙule a hammatar ganye, zaruruwan garin furensu biyar kacal, ganyenta kuma jijiyoyinsa sun nutsa har ya yi ninki-ninki. Furen garmani ya fi girma, yana da cikakkiyar sanda mai zaruruwa da yawa, kuma kowane yankin ɗanta yana da tsinke biyu a kai. Mai tumɓuke garmani daga makiyaya ya kamata ya yi kafin tsinkayen nan su bushe, in ba haka ba shi da kansa zai yaɗa irin a jikin rigarsa.

Hankufa ta kawo mu ga wata magana. In ka buɗe tsoffin littattafai, ba za ka same ta a gidan rama ba. Ita da kukuki da goro gidansu dabam, lalo da dargaza nasu dabam, kuka da rimi da gurjiya su ma haka. Daga 1998, bayan an gwada ƙwayoyin halittarsu, masana suka haɗe gidajen huɗu suka zama ɗaya. Ni dai hukuncin ya kwanta mini, don tukunyar miya ta riga ta nuna haka: miyar kuka, miyar lalo, miyar kuɓewa, duk yauƙi ɗaya ne. Har goron Tula na ƙasar Gombe da koko da ake cakulan da shi 'yan gidan ne.

Sai dai waɗannan da aka shigo da su ba duka ke bin dokar sanda ba. Lalo zaruruwansa a sake suke. Shi ana gane shi da 'yan wutsiyoyi biyu sirara a gindin ganye, da dogon kwanso siriri. Dargaza ma a sake suke. Kukuki ba shi da fiffike sam, kuma kada ka sa yatsa cikin kwansonsa, gashin ciki ƙaiƙayi ne mai tsanani. Kuka kuwa ta riƙe sandar. Je gindinta da magariba a farkon damina, irin manyan kukokin nan na Durɓi ta Kusheyi, ka ga farin fure yana reto, sanda mai kauri da tulin zaruruwa a bakinta. Da dare yake buɗewa, jemagu ke zuwa su kwashi garin, da safe ya fara baƙi. Gurjiya sai da hunturu, itacen ba ganye ko ɗaya, furen ja jawur.

In ka samo wanda ya gagare ka, ɗauki samfur. Yanko reshe mai ganyen ƙasa da na sama, da fure, da 'ya'ya, ko da ɗanye ne. Kafin ka yanka, ɗauki hoto uku: gaban fure, bayansa, da tsiron gaba ɗaya. Hoton baya shi ne wanda kowa ke mantawa, kuma ba shi, manhajojin waya irin su PlantNet sai su yi ta ba ka sunan da bai dace ba. Shimfiɗa reshen cikin jarida, ka buɗe fure ɗaya da reza don a ga sanda, ka sa kwali sama da ƙasa, ka danne da abu mai nauyi. Saboda yauƙi, wannan dangin na saurin yin fumfuna, don haka a sauya jaridar kullum har ya bushe. Launin fure yakan canza, ruwan ɗorawa ya koma ja-ja, shi ya sa ake rubuta launin tun a daji, tare da kwanan wata, sunan ƙauye, da irin ƙasar, jigawa ce ko fadama.

Rubuta sunan da mutanen wurin suka ba ka, da bakin wanda ya faɗa, makiyayi ne ko mai magani ko mai tsinkar ganyen miya. Wani likita ɗan ƙasar Sikotland, Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, har yau ana amfani da aikinsa, amma suna ɗaya kan hau tsiro biyu ko uku, kuma abin da ake kira a Daura ba lalle ne shi ake kira a Funtuwa ba. Sunan Hausa da samfur a hannu, su biyun tare ne ke da amfani.

Ba sai ka shiga dajin Rugu ba, kuma yadda tsaro yake a yankin Safana da Batsari ba na bai wa kowa shawarar haka. Gefen gona, saura, burtali, bakin dam ɗin Sabke, bayan makaranta inda ba a nome ba, duk za ka same su. Nemi izinin mai gona kafin ka yanki komai, kuma in tsiron guda ɗaya ne a wurin, ɗauki hoto ka bar shi ya zub da iri. Samfurin da ya bushe kuma, kai shi sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan Katsina, ko ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda za a gwada shi da waɗanda aka riga aka tantance a ba ka cikakken sunansa.